Rayuwar ɗan ƙwallo a ƙananan rukunan Ingila: tambayoyi da amsoshi daga tarihin Adebayo Akinfenwa

Yawancin masu kallon ƙwallon Ingila a ƙasar Hausa gasar Firimiya suka sani. Amma duk watan Janairu, idan Kofin FA ya haɗa wata babbar ƙungiya da wata wadda ba a taɓa jin sunanta ba, sai tambayoyi iri ɗaya su riƙa maimaituwa a gidajen kallo: su wane ne waɗannan 'yan wasa, kuma da me suke riƙe iyalansu? An tattara irin waɗannan tambayoyi a nan, an kuma ɗauki Adebayo Akinfenwa a matsayin misali, domin ya shafe kusan shekara 20 yana neman abincinsa a waɗannan rukunai.

Me ake nufi da ƙananan rukunai a ƙwallon Ingila?

Gasannin Ingila hawa-hawa suke. A sama akwai Firimiya mai ƙungiyoyi 20, wadda aka kafa a 1992. Ƙarƙashinta akwai Championship, sai League One, sai League Two, kowannensu da ƙungiyoyi 24, kuma dukkansu uku suna ƙarƙashin hukumar EFL, wadda asalinta ya koma shekarar 1888. Idan aka haɗa rukunai huɗun, ƙungiyoyi 92 ke nan. Galibi idan Turawan Ingila suka ambaci ƙananan rukunai, League One da League Two suke nufi, wato hawa na uku da na huɗu.

Daga hawa na biyar, wanda ake kira National League, an fita daga tsarin EFL. Ƙungiyoyi da dama a wannan hawa suna biyan 'yan wasansu cikakken albashi, amma da zarar an ƙara gangarawa ƙasa, sai a tarar da ɗan wasan da ke gini ko tuƙin mota ko koyarwa da rana, ya yi atisaye da daddare sau biyu a mako, ya buga wasa ranar Asabar. Abin da ya ɗaure dukkan waɗannan hawa wuri ɗaya shi ne haurowa da faɗuwa a ƙarshen kowace kaka. Luton Town tana hawa na biyar har zuwa 2014, amma a 2023 ta shiga Firimiya.

Wane ne Adebayo Akinfenwa, kuma me ya sa aka zaɓe shi?

An haife shi ranar 10 ga Mayu, 1982, a unguwar Islington da ke Landan. Iyayensa Yarabawa ne 'yan Najeriya, mahaifinsa Musulmi, mahaifiyarsa Kirista, shi kuma ya tashi a kan addinin mahaifiyarsa. Ɗan wasan gaba ne, ya ci ƙwallaye fiye da 200 a rayuwarsa ta wasa, kuma bai taɓa buga minti ɗaya a Firimiya ba. Ya yi ritaya a 2022 yana da shekara 40.

An zaɓe shi ne saboda hanyar da ya bi ta taɓo kusan duk abin da ɗan wasan ƙaramin rukuni kan gamu da shi: sallama, gajeriyar yarjejeniya, karaya, durƙushewar ƙungiya, da kuma murnar haurowa. Sai dai a lura cewa shaharar da ya samu ba ta kowa ba ce. Abokan wasansa ɗarurruka sun bi irin wannan hanya, suka gama, ba wanda ya san sunansu in ban da magoya bayan garuruwan da suka yi wa wasa.

Yaya aka yi ɗan Landan ya fara wasansa na ƙwararru a Lithuaniya?

A tsarin Ingila, yaro kan shiga makarantar horar da matasa ta wata ƙungiya tun yana ƙarami. Idan ya kai shekara 16, sai a zaɓi kaɗan a ba su gurbin horo na shekara biyu, a ƙarshensa kuma a sake tacewa, a ba wasu kwantiragin ƙwararru, a sallami sauran. Waɗanda ake sallama sun fi waɗanda ake riƙewa yawa nesa ba kusa ba, kuma daga cikinsu ne ƙananan rukunai suke samun mafi yawan 'yan wasansu.

Akinfenwa bai samu wadda za ta riƙe shi a gida ba, don haka a 2001 ya tafi FK Atlantas da ke birnin Klaipeda a bakin tekun Baltik, ta hannun wakilinsa. Ya sha ba da labarin yadda magoya baya, har da na ƙungiyarsa, suka riƙa yi masa waƙoƙin wariyar launin fata tun daga wasanninsa na farko. Duk da haka ya daure, kuma shi ne ya ci ƙwallon da ya ba Atlantas kofin ƙasar a wannan shekara. Daga can ya koma Barry Town ta Wales, inda suka ci gasar ƙasar da kofinta a 2003, kafin matsalar kuɗi ta tarwatsa ƙungiyar, 'yan wasa suka watse.

Me ya sa 'yan wasan waɗannan rukunai ke yawan sauya ƙungiya?

Wannan ita ce tambayar da sauran amsoshin suka rataya a kanta. A Firimiya ɗan wasa kan sa hannu a yarjejeniyar shekara huɗu ko biyar, amma a League One da League Two abin da aka saba shi ne shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci ma wata shida ko wata ɗaya. Ba rowa kaɗai ke jawo haka ba. Ƙungiyar da ba ta san rukunin da za ta kasance a ciki baɗi ba, ba ta iya ɗaure kanta da albashin shekara uku, domin faɗuwa ɗaya kan zaftare kuɗin shigarta ƙwarai. Kwantiragi kan ƙare ranar 30 ga Yuni, kuma tun a watan Mayu kowace ƙungiya ke fitar da jerin waɗanda za ta riƙe da waɗanda ta sallama. Wanda sunansa ya faɗa cikin jeri na biyu zai yi hutun bazara ne yana kiran waya, yana zuwa gwaji a wasannin share fage, ba tare da sanin inda 'ya'yansa za su shiga makaranta a watan Satumba ba.

Tarihin Akinfenwa ya nuna wannan ƙarara. A kakar 2003 zuwa 2004 kaɗai ya ratsa Boston United da Leyton Orient da Rushden & Diamonds da Doncaster Rovers. Daga nan sai Torquay United, sai Swansea City, sai Millwall, sai Northampton Town, sai Gillingham, ya sake komawa Northampton, ya sake komawa Gillingham, sai AFC Wimbledon, kafin a ƙarshe ya zauna shekara shida a Wycombe Wanderers daga 2016. Idan aka haɗa da Barry Town, ƙungiyoyi 12 ke nan a Birtaniya kaɗai. Wanda bai san tsarin ba zai ɗauka rashin natsuwa ne ke damun mutumin, alhali kuwa ƙarewar kwantiragi da sauyin koci su ne suka fi tayar da ɗan wasa daga inda yake. Sabon koci kan zo da mutanensa, ya kuma kalli waɗanda ya tarar a matsayin kayan wanda aka kora.

Dokar Bosman ta 1995 ta ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare 'yancin tafiya inda ya so ba tare da an biya kuɗin sayensa ba, sai dai a cikin Ingila ana biyan diyyar reno idan bai kai shekara 24 ba kuma ƙungiyarsa ta yi masa tayin ci gaba da zama. Ga manyan taurari wannan 'yanci makami ne na ciniki. Ga ɗan League Two kuwa, sau da yawa ma'anarsa ita ce ba shi da aiki.

Shin suna samun kuɗi kamar 'yan Firimiya?

Ko kusa. Abin da tauraron Firimiya ke karɓa a mako ɗaya yakan zarce abin da ɗan League Two zai tara a shekara. Albashin ɗan ƙaramin rukuni ya ishe shi biyan kuɗin gida da ciyar da iyali, kamar na ma'aikaci mai matsakaicin samu a ƙasar, wasu kuma da ke manyan ƙungiyoyin League One sukan samu fiye da haka sosai. Wani kaso na samunsu ya dogara ne ga alawus na buga wasa, na cin ƙwallo, da na haurowa, don haka zaman benci ko jinya kan taɓa aljihu kai tsaye. Matsalar ita ce wannan samu yakan tsaya tun mutum yana cikin shekarunsa na talatin, kamar yadda amsar ƙarshe ta bayyana.

Akwai kuma haɗarin ƙungiyar kanta ta kasa biya. An kori Bury daga EFL a watan Agustan 2019 bayan 'yan wasanta sun daɗe suna bin bashin albashi, kotu ta rushe Macclesfield Town a 2020, ita kuma Rushden & Diamonds da Akinfenwa ya taɓa zama a cikinta ta rufe tun 2011. A irin wannan hali ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, PFA, wadda aka kafa a 1907, ita ce kan shigo ta tallafa. Ita ce kuma, ƙarƙashin jagorancin Jimmy Hill, ta sa aka soke dokar da ta ƙayyade albashi a kan fam 20 a mako a shekarar 1961.

Yaya kakar wasa take a wurinsu?

Wasan gasa 46 ne, daga Agusta zuwa farkon Mayu, ban da na kofuna uku da suke shiga, wato Kofin FA da Kofin EFL da kuma wani kofi da aka tanada musamman domin League One da League Two. Saboda haka makonni da yawa ana buga wasa ranar Asabar, a sake bugawa daren Talata, cikin sanyi da ruwan sama da fili mai taɓo. Tafiya kuwa a mota ake yinta. Daga Plymouth a kudu maso yamma zuwa Carlisle kusa da iyakar Scotland ya haura kilomita 600, ya fi nisan Kano zuwa Abuja, kuma ƙungiyar da ba ta da kuɗin otel takan dawo gida a daren da ta yi wasa.

Bai kamata a ɗauka filayen babu mutane ba. Sunderland ta tara 'yan kallo fiye da 46,000 a wasanta da Bradford City a watan Disambar 2018, tana League One. A ɗaya gefen kuma, filin Kingsmeadow da AFC Wimbledon ke amfani da shi a zamanin Akinfenwa bai kai ɗaukar mutum 5,000 ba, har ɗan wasa yana iya jin muryar wanda ke zaginsa, ya kuma gane fuskarsa idan sun haɗu a kanti.

Idan ɗan wasa ya ji mummunan rauni fa?

Ƙungiya za ta ci gaba da biyansa ta kuma yi masa magani muddin kwantiraginsa na nan, amma kwantiragin gajere ne, kamar yadda aka yi bayani a amsar sauya ƙungiya. Akinfenwa ya karye a ƙafa a watan Fabrairun 2007 yana Swansea, a lokacin da yarjejeniyarsa ke dab da ƙarewa. Bai sake buga wa Swansea wasa ba, kuma sai a ƙarshen shekarar ya samu Millwall ta ɗauke shi na ɗan lokaci. Wannan mutum shi ne ya ci ƙwallon farko na gasa a sabon filin Swansea a 2005, shi ne kuma ya ci ƙwallon nasara a wasan ƙarshe na kofin ƙananan rukunai a kan Carlisle United a 2006.

Mene ne wasan cike gurbi, kuma me ya sa ake ba shi muhimmanci haka?

A League Two ƙungiyoyi uku na farko suna haurowa kai tsaye, ta huɗu zuwa ta bakwai kuma su fafata a kan gurbi ɗaya da ya rage. A League One biyu ne ke haurowa kai tsaye, ta uku zuwa ta shida su fafata. Ana buga zagayen kusa da na ƙarshe gida da waje, sannan wasan ƙarshe guda ɗaya a Wembley. Ga mafi yawan waɗannan 'yan wasa, wannan ce kaɗai hanyar taka wannan fili, kuma sakamakonsa kan yanke ko za a ƙara wa mutum albashi ko za a sallame shi.

Akinfenwa ya buga irin wannan wasan ƙarshe sau biyar. A 2006, lokacin ana bugawa a Cardiff domin ana sake gina Wembley, Swansea ta tashi 2-2 da Barnsley, ya ɓarar da bugunsa a bugun fenariti, suka sha kashi. A 2013 Bradford ta doke Northampton 3-0, shi kuma daga benci ya shigo, kuma bayan wasan aka sallame shi. Na 2016 shi ne aka fi tunawa. An riga an sanar da shi cewa AFC Wimbledon ba za ta sabunta kwantiraginsa ba, ya shigo daga benci a wasansu da Plymouth Argyle, aka ba su fenariti a mintunan da aka ƙara a ƙarshen wasa, ya yi ja-in-ja da abokin wasansa a kan wanda zai buga, ya karɓe ƙwallon ya ci, wasa ya tashi 2-0. Ana sa masa makirufo a gaba, sai ya shaida wa duniya cewa shi yanzu ba shi da aiki, duk kocin da ke buƙatarsa ya neme shi ta WhatsApp. Mutane sun ɗauke ta a matsayin barkwanci, amma gaskiyar halin da yake ciki ya faɗa.

Wycombe ta koci Gareth Ainsworth ce ta ɗauke shi. Sun hauro daga League Two a 2018, sannan a 2020, da annobar korona ta sa aka yanke kakar aka yi lissafi da matsakaicin maki a kowane wasa, Wycombe ta tashi daga ta takwas ta koma ta uku, ta je ta doke Oxford United 2-1 a Wembley babu ɗan kallo ko ɗaya. Karo na farko ke nan da ƙungiyar ta shiga hawa na biyu tun kafuwarta a 1887, kuma da haka Akinfenwa ya fara buga Championship yana da shekara 38. Kaka ɗaya suka yi suka faɗo. Wasansa na ƙarshe a matsayin ƙwararre shi ma wasan cike gurbi ne, ranar 21 ga Mayu, 2022, inda Sunderland ta ci su 2-0.

Suna haɗuwa da manyan ƙungiyoyi kuwa?

A kofuna kaɗai. Ƙungiyoyin League One da League Two suna shiga Kofin FA ne daga zagayen farko a watan Nuwamba, na Firimiya da Championship kuma sai a zagaye na uku a Janairu. Ƙaramar ƙungiyar da ƙuri'a ta haɗa da babba takan samu kuɗin ƙofa da na talabijin da zai rufe mata giɓi mai yawa a kasafinta, shi ya sa ƙananan ƙungiyoyi suka yi ƙorafi sosai da aka soke maimaita wasan da aka yi kunnen doki tun daga kakar 2024 zuwa 2025.

A watan Janairun 2015 Liverpool ta je Kingsmeadow. Akinfenwa, wanda tun yana yaro Liverpool yake goyon baya, shi ne ya farke wa Wimbledon, amma Steven Gerrard ya ci biyu aka tashi 2-1. Ƙaunar da yake yi wa Liverpool ce ta sa Jürgen Klopp ya aika masa saƙon bidiyo na taya murna bayan nasarar 2020.

Da wannan jiki nasa, ta yaya ya kai shekara 40 yana wasa?

Tsayinsa kimanin mita 1.80 ne, nauyinsa kuma ya haura kilo 100, abin da ya sa masu horarwa da yawa suka riƙa ce masa jikinsa ba na ƙwallo ba ne. Ba shi da gudu, bai kuma taɓa cewa yana da shi ba. Aikinsa shi ne ya juya wa mai tsaron baya baya, ya tare dogon ƙwallo da ƙirji ko da ka, ya riƙe shi har abokansa su iso, aikin da ke da daraja a rukunin da ake yawan cilla ƙwallo sama. A shekarunsa na ƙarshe, da gwiwa ta fara damunsa, an fi sako shi a mintunan ƙarshe domin ya hargitsa masu tsaron baya da suka gaji. Wasan kwamfuta na FIFA ya sha sanya shi a matsayin ɗan wasa mafi ƙarfi a duniya, kuma ta nan ne yara a ƙasashe da dama suka san sunan ɗan League Two. Ya yi wayo ya mayar da wannan suna jari, ya kafa sana'ar tufafi mai suna Beast Mode On tun yana wasa.

Ɗan ƙaramin rukuni zai iya kaiwa Firimiya?

Zai iya, amma waɗanda suka yi hakan ana iya ƙirga su. Sheffield Wednesday ta sallami Jamie Vardy yana da shekara 16, ya koma Stocksbridge Park Steels ana biyansa fam 30 a mako yana kuma aiki a masana'anta, ya wuce Halifax, sai Fleetwood Town, kafin Leicester City ta saye shi a kan fam miliyan ɗaya a 2012. Ya ɗauki kofin Firimiya a 2016, shekarar da Ahmed Musa ya zo ya same shi a ƙungiyar, daga baya Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suka biyo. Rickie Lambert ya ratsa Macclesfield da Stockport da Rochdale da Bristol Rovers, bai fara buga wa Ingila ba sai a 2013 yana da shekara 31, ya kuma ci Scotland da taɓawarsa ta farko. Ivan Toney ya fara ne a Northampton lokacin Akinfenwa yana can.

Ana yawan ba da labarin waɗannan mutane har ya zama kamar ita ce hanyar da aka saba, alhali hanyar da aka saba ita ce wadda aka bayyana a amsar sauya ƙungiya.

Ya buga wa Najeriya? Kuma matashi daga gida zai iya shiga waɗannan rukunai?

Bai taɓa buga wa Najeriya ko Ingila ba. Amma wasu 'yan asalin Najeriya haifaffun Ingila sun ratsa ta waɗannan rukunai suka kai Super Eagles. Ademola Lookman, gwarzon ɗan wasan Afirka na 2024, ya buga League One a Charlton Athletic kafin Everton ta saye shi a Janairun 2017. Joe Aribo shi ma daga ƙaramar ƙungiyar Staines Town ya je Charlton, sannan Rangers a 2019.

Dukkansu a Ingila aka haife su, kuma a nan bambancin yake. Matashin da ke wasa a Kano ko Kaduna ko Zinder yana buƙatar takardar izinin aiki, wadda hukumar FA ke amincewa da ita bisa tsarin maki da ke duba wasannin da ya buga wa ƙasarsa da ƙarfin gasar da ya fito. An ɗan sassauta a 2023, aka ba ƙungiyoyi 'yan gurabe na ɗaukar wanda bai cika makin ba, amma kaɗan ne ƙwarai a League One da League Two. Dokar FIFA kuma ta hana ɗauke ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, in ban da wasu sharuɗɗa ƙalilan. Saboda haka dillalin da ya nemi iyaye su biya shi kuɗi domin ya kai yaronsu gwaji a wata ƙaramar ƙungiyar Ingila da bizar yawon buɗe ido, abin da yake sayarwa ba ya kai wa ga kwantiragi, domin wannan biza ba ta ba da izinin aiki.

Me suke yi bayan sun daina wasa?

Tunda ba su tara abin da zai riƙe su ba, kamar yadda amsar albashi ta nuna, kusan dukkansu sai sun nemi sana'a ta biyu. PFA takan taimaka da kuɗin karatu da na kwasa-kwasan horarwa, shi ya sa masu hangen nesa ke fara neman takardar koci ko koyon gashin ƙashi, aikin lantarki ko aikin famfo tun suna wasa. Wasu sukan gangara ƙananan hawa su ci gaba da buga wasan Asabar suna haɗawa da aikin yini. Wasu kuma sukan faɗa cikin bashi, caca ko damuwa a shekarun farko na barin fili, kuma PFA tana da sashen ba da shawara domin irin waɗannan. Akinfenwa yana cikin ƙalilan da suka fita da suna mai kawo kuɗi: yana sharhin wasanni a rediyo da talabijin, yana ci gaba da sana'arsa ta tufafi, har ya ɗan taɓa shiga harkar kokawar nishaɗi bayan 2022.